Dorugu: Yaron Da Ya Bi Ta Kurfi Bai San Inda Za Shi Ba

A watan Maris na 1853 wani ayari ya tashi daga birnin Katsina za shi Sakkwato, ya bi ta Kuraye, ya biyo ta Kurfi. Madugun tafiyar Bajamushe ne, Heinrich Barth, wanda ake kira Abdulkarim. Cikin barorinsa akwai wani yaro Bahaushe mai suna Dorugu. Da a ran nan an tambaye shi inda rayuwarsa ta dosa, da ba shi da amsa.

An haifi Dorugu wajen 1840 a ƙauyen Dambanas, ƙasar Damagaram. Yana ƙarami mahara suka kama shi, suka raba shi da iyayensa, aka yi ta sayar da shi har Kukawa ta Barno. A can ne Adolf Overweg, abokin tafiyar Barth, ya fanshe shi ya 'yanta shi. Ba a jima ba Overweg ya rasu a 1852, yaro ya sāke zama ba uwa ba uba, ba hanyar gida. Sai ya bi Barth, shi da wani 'yantaccen yaro, Abbega. Suka je Tumbuktu, suka komo Kukawa, suka ƙetare hamada zuwa Tarabulus, suka sauka Ingila a 1855.

A Ingila ya zauna gidan wani limamin mishan na C.M.S., James Frederick Schön, wanda ya daɗe yana fama da koyon Hausa domin ya juya Maganar Allah. Abin da Schön ya rasa shi ne mai harshen, abin da kuma ya rage wa Dorugu bayan an raba shi da kome shi ne harshen uwarsa. Ya zauna yana faɗa, Schön yana rubutawa: kalmomi, tatsuniyoyi, da labarin bautarsa da tafiye-tafiyensa. A can aka yi masa baftisma da suna James Henry. Da taimakonsa Schön ya fitar da nahawun Hausa a 1862, ƙamus a 1876, da littafin Magana Hausa a 1885, ban da sassan Littafi Mai Tsarki da ya juya.

Dorugu ya komo Afirka a 1864, ya yi aikin tafinta. Da tsufansa ya koyar a makarantar Ɗan Hausa da ke Nasarawa a Kano, inda ya rasu a 1912. Bai ga cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ba, gama sai a 1932 aka buga shi, amma yana cikin waɗanda suka share fili.

Muna tuna shi domin matasanmu na Dutsin-Ma da Kurfi, waɗanda suka gama karatu ba aiki, ko rashin tsaro ya raba su da gonakin iyayensu, suna tambaya ko Allah ya manta da su. Dorugu bai gane kiransa a Kurfi ba, bai gane shi a Tumbuktu ba. Kamar Yusufu a Masar, ya riƙe amana a ƙaramin aikin da ke gabansa, har lokaci ya yi. Abin da Allah ya mora kuwa, tun daga tsakar gidan uwarsa yake ɗauke da shi.

Kada mu rena abin da ke hannunmu, ko harshe ne, ko sana'a, ko wahalar da muka sha. Ubangiji ya ba mu haƙurin jira. Amin.