Richard Cobden: Ɗan Kasuwar Da Ya Nemi A Buɗe Lissafin Gari

A wannan makon za mu duba rayuwar Richard Cobden na ƙasar Ingila. Duniya ta fi saninsa da gwagwarmayar da ta sauke farashin hatsi, amma kafin haka sai da ya fara da gyaran mulkin garinsu.

An haife shi a 1804 a yankin Sussex, ɗan wani manomi da gona ta gagara. Yana da shekara 15 ya kama aiki a shagon wani danginsa a Landan, daga baya ya zama mai yawon tallan yadi. A 1832 ya zauna a Manchesta, inda ya yi arziki da sana'ar buga zane a kan yadi.

A lokacin Manchesta ta cika da masaƙu, mutanenta sun kai wajen 200,000, amma ba ta da majalisar da jama'a suka zaɓa. Ragamar gari tana hannun wata kotun gargajiya ta mai filin garin, Sir Oswald Mosley, wanda ma ba a garin yake zaune ba. Kotun ce ke naɗa shugaban gari da manyan dogarai, wasu hukumomi dabam kuma suna karɓar haraji. Mai biyan kuɗi bai san ƙofar da zai ƙwanƙwasa ya tambayi inda kuɗinsa suka tafi ba.

A 1837 aka kira Cobden ya zauna cikin masu taimaka wa wannan kotu. Abin da ya gani ya ɓata masa rai, har ya rubuta wata 'yar ƙasida yana kiran mutanen gari su nemi majalisa tasu. Doka tana bayansa, domin a 1835 majalisar ƙasa ta yarda garuruwa su sami kansiloli waɗanda masu biyan haraji za su zaɓa, a riƙa binciken lissafin kuɗi, mai zaɓe kuma ya sami damar dubawa.

Abin bai zo da sauƙi ba. Masu cin moriyar tsohon tsari suka tashi tsaye. Wasu shugabannin ma'aikata su ma suka ƙi, suna tsoron mulki zai koma hannun masu masaƙu ne kawai. Tsoron nasu yana da tushe, gama mazan da ke biyan harajin gida kaɗai ke da ƙuri'a. Duk da haka aka ba Manchesta takardar izini a watan Oktoba 1838. A Disamba aka yi zaɓe, 'yan hamayya suka ƙaurace masa. Cobden ya tsaya takarar kansila ya ci, aka kuma sa shi cikin dattawan majalisa. Thomas Potter ya zama magajin gari na farko.

Tsoffin hukumomi suka ƙi amincewa, aka yi ta shari'a, sai a 1842 doka ta tabbatar da sabuwar majalisar. A 1846 majalisar ta sayi haƙƙin mallakar gari daga Mosley a kan fam 200,000.

Shi kuwa Cobden ya shiga majalisar ƙasa a 1841. Shi da abokinsa John Bright suka jagoranci yaƙi da harajin da ke kan hatsin waje, wanda ke tsauwala wa talaka, har aka soke shi a 1846. Wannan aiki ya sa ya yi sakaci da kasuwancinsa har ya durƙushe, sai da magoya baya suka tara masa gudummawa. A 1859 aka yi masa tayin minista, ya ƙi. A 1860 ya ƙulla yarjejeniyar ciniki da Faransa. Ya rasu a Landan ranar 2 ga Afrilu 1865.

Abin da muka ɗauka daga rayuwarsa shi ne bai tsaya ga gunaguni a shago ba. Ya je ya ga yadda ake tafiyar da gari, ya karanta doka, ya faɗa wa jama'a, sa'an nan ya miƙa kansa ga masu zaɓe. Idan lokacin zaɓen kansiloli ya zo, bari mu tambayi kowane ɗan takara ko zai yarda a buɗe littafin kuɗi a gaban waɗanda suka biya.