Chandrika Prasad Srivastava: Ba'indiyen da Ya Buɗe wa Ƙasashe Masu Tasowa Ƙofar Teku

An haifi Srivastava a ƙasar Indiya cikin shekarar 1920. Bayan ya shugabanci kamfanin jiragen ruwa na gwamnatin ƙasarsa, sai ya zama Babban Sakataren Hukumar Harkokin Jiragen Ruwa ta Majalisar Ɗinkin Duniya a Landan, daga 1974 zuwa 1989. A wancan zamani, ƙasashe masu manyan jirage su ke da ta cewa. Shi kuwa ya lura cewa doka ba ta tsare rayuka a teku sai da ƙwararrun masu zartar da ita. Don haka ya tsaya tsayin daka har aka kafa Jami'ar Harkokin Teku ta Duniya a Malmo, ƙasar Suwidin, a 1983, musamman domin horar da ma'aikatan ƙasashe masu tasowa. Ya rasu a 2013.