Sarkin Musulmi Muhammadu Bello (1781–1837): Sarki, Malami, Masanin Magani

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Fiyayyen Halitta, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, 'yan'uwa 'yan asalin Lambara mazauna Sakkwato da Kaduna da Kano da Abuja da Ikko da sauran birane, a wannan fitowa ta mujallarmu mun ga ya dace mu waiwayi rayuwar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ɗan Shehu Usmanu. Duk wanda ya zauna a ajin firamare a ƙasar nan ya san shi a matsayin jarumi kuma wanda ya gina birnin Sakkwato. Mu kanmu da muka share shekaru muna koyarwa, a nan muka riƙa tsayawa. Amma akwai wani ɓangare na rayuwarsa da ba a cika faɗa wa yara ba, wato himmarsa a kan ilmin magani da tanadin da ya so kowane gari ya yi kafin masifa ta sauka. Wannan ɓangaren ne ya fi shafar mu a yau, mu da muke binne 'yan'uwa idan sanƙarau ko amai da gudawa suka ratsa ƙauyukanmu.

Haihuwarsa da Karatunsa

An haifi Muhammadu Bello a shekarar 1781. Mahaifinsa shi ne Mujaddadi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, mahaifiyarsa kuwa Hauwa'u, wadda aka fi sani da Inna Garka. Ya tashi a gidan ilmi a Ɗagel, ya yi karatu a wurin mahaifinsa da baffansa Malam Abdullahi da yayansa Muhammadu Sa'ad, har ya zurfafa a Larabci da fiƙihu da hadisi da tarihi tun yana saurayi. A wancan zamani malami ba ya ware ilmin magani daga sauran fannoni. Malam Abdullahi da kansa ya wallafa littafi mai suna Masalihul Insan, wanda ya haɗa abin da ke gyara addinin mutum da abin da ke gyara jikinsa. Ƙanwar Bello, Nana Asma'u, ita ma ta yi rubutu a kan neman waraka. Saboda haka son da Bello ya yi wa wannan fanni gado ne na gida, sai dai shi ya faɗaɗa shi fiye da kowa a cikinsu.

Shekarun Tsanani

A watan Fabrairu na 1804 Shehu da jama'arsa suka yi hijira daga Ɗagel zuwa Gudu, lokacin Bello yana matashi. A watan Yuni aka yi nasara a Tafkin Kwatto, amma kafin shekarar ta ƙare aka yi mummunar karawa a Tsuntsuwa kusa da Alƙalawa, inda jama'a ta rasa mutum kusan 2,000, daga cikinsu akwai mahaddata Alƙur'ani kusan 200. Bayan wannan sai ƙarancin abinci ya tilasta wa jama'a ƙaura zuwa Sabon Gari a ƙasar Zamfara a 1805, daga nan kuma zuwa Gwandu. Duk wanda ya san halin ƙaura ya san abin da take jawowa: mutane masu yawa a cunkushe wuri ɗaya, da mata da yara da tsofaffi, ba rumbu, ba tabbataccen ruwan sha. Bello ya ga wannan da idonsa yana matashi, kuma muna ganin a nan ne ya koyi cewa yunwa da rashin tanadi suna iya karya al'umma ko da maƙiyi bai harba kibiya ba.

A 1808 Bello ya jagoranci rundunar da ta ci Alƙalawa, a 1809 kuma ya fara gina Sakkwato. Daga nan tarihi ya matso ƙofar gidanmu. Wajen 1810 Shehu ya zo ya zauna a Sifawa, Malam Abdullahi kuma ya zauna a Boɗinga, garuruwan da kowane ɗan Lambara ya san hanyarsu. Shekara biyar wannan yanki namu ya zama matattarar malamai da ɗalibai daga kowace kusurwa, kafin Shehu ya koma Sakkwato a 1815. A cikin waɗannan shekaru ne, a 1812, Bello ya kammala shahararren littafinsa na tarihi, Infaƙul Maisur. Da Allah ya yi wa Shehu rasuwa a watan Afrilu na 1817, aka yi wa Bello mubaya'a, ya riƙe sarautar Sarkin Musulmi shekara 20.

Rubuce-rubucensa a Kan Magani

Bello ya bar littattafai da wasiƙu fiye da 100, kuma wani kaso mai kyau daga cikinsu a kan magani ne. Akwai Al-Mawaridun Nabawiyya, wanda ya tattara mas'alolin magani bisa abin da aka ruwaito daga Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi. Akwai Ujalatur Rakib, taƙaitaccen littafi wanda sunansa ma ya nuna an yi shi ne domin mai gaggawa. Ya ware littafi guda a kan ciwon ido, wani a kan basir, wani kuma a kan amfani da filasko wajen wanke ciki. Mai karatu zai lura cewa waɗannan duk cututtuka ne na yau da kullum da ke damun manomi da makiyayi da ɗan kasuwa, filasko kuwa ganye ne da ke tsiro a bayan gari. Mutumin da ke da yaƙi a gabansa, da shari'a, da wasiƙun sarakuna daga Katsina har Adamawa, shi ne ya samu lokacin zama ya rubuta yadda za a yi da ciwon ido. Wannan kaɗai ya isa ya nuna matsayin da ya ba lafiyar talakawansa.

Fannin da ya ɗebo daga cikinsa yana da tsohuwar koyarwa a kan annoba, wadda malamanmu suke karantarwa har yau: idan annoba ta ɓarke a wani gari, na waje kada ya shiga, na ciki kuma kada ya fita da nufin gudu. A kan wannan ne Sayyidina Umar ya juya daga hanyar Sham a shekara ta 18 bayan Hijira, lokacin annobar Amwas. Abin da ma'aikatan lafiya ke kira killacewa a yau, asalinsa ba baƙo ba ne a wurinmu.

Shawararsa ga Masu Mulki

A cikin Usulus Siyasa, wanda ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje, Bello ya lissafa abubuwan da suka wajaba a kan shugaba. Daga cikinsu ya ce shugaba ya raya masu sana'a, irin su manoma da maƙera da maɗinka da marina da mahauta da masassaƙa da masu magani, ya kuma rarraba su ta yadda kowane ƙauye da kowace unguwa za su samu nasu. Ya kuma ce a kwaɗaitar da jama'a su nemi abinci su adana domin gaba, a gina ganuwa da gadoji, a kula da kasuwanni da hanyoyi. A nan ya jera mai magani tare da maƙeri da manomi, a matsayin wanda gari ba ya cika sai da shi, kuma wurin zamansa ƙauye ne, kusa da marar lafiya.

Haka kuma ya aiwatar da tsarin ribaɗi. Maimakon ya jira hari ya iso tsakiyar ƙasa, sai ya kafa garuruwa masu ganuwa a bakin iyaka, kamar Wurno da Kware da Shinaka da Lajinge, ya zaunar da mutane a cikinsu suna noma suna karatu suna kuma tsaro, domin duk abin da ya taso a gan shi da wuri, a tare shi tun yana nesa. An yi ribaɗi domin yaƙi ne, amma hikimarsa ita ce ta aikin tarar annoba: mai gadi a wurin tun kafin ranar, da abinci a rumbu, da hanyar aika labari cikin sauri. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Baƙon da Ya Zo Daga Ingila

A watan Maris na 1824 Baturen nan Kyaftin Hugh Clapperton ya iso Sakkwato, aka sauke shi a hannun Waziri Giɗaɗo ɗan Laima. Abokin tafiyarsa, likita mai suna Walter Oudney, ya riga ya mutu a hanya kusa da Katagum a watan Janairu. Clapperton ya rubuta cewa Bello ya nuna baƙin ciki ƙwarai da wannan mutuwa, domin ya so ya ga likitan Ingila wanda zai koya wa mutanensa aikin magani, kuma ya nemi a aiko masa da likita ya zauna a ƙasarsa. A cikin wannan zama ne kuma baƙon ya ba da labarin rasuwar wani ɗan Waziri, wanda mahaifiyarsa 'yar'uwar Bello ce, sakamakon agana, bayan an ɗauka ya fara samun sauƙi. Ke nan annoba ta shiga har cikin gidan sarauta, alhali kuwa tun 1796 wani likita a Ingila, Edward Jenner, ya gano lambar rigakafin agana, sai dai ba ta iso nan ba.

Clapperton ya dawo a 1826, amma daga cikin likitocin da aka haɗo shi da su babu wanda ya iso Sakkwato, shi kansa kuma ciwon ciki ya kashe shi a nan a ranar 13 ga Afrilu, 1827. Burin Bello na samun likita bai cika ba a rayuwarsa. Abin da ya rage mana shi ne misalin da ya bari: Sarkin Musulmi, ɗan Shehu, masanin Alƙur'ani da hadisi, bai ga wani aibi ba a neman ilmin magani daga wanda ba addininsu ɗaya ba. Duk wanda ya hana ɗansa rigakafi da sunan addini, ya kamata ya tsaya ya auna kansa da wannan.

Rasuwarsa

Bello ya yi mafi yawan shekarunsa na ƙarshe a ribaɗinsa na Wurno. A 1836 ya yi nasara a yaƙin Gawakuke, daga baya ciwo ya kwantar da shi na wasu watanni, ya rasu a watan Oktoba na 1837 yana da kusan shekara 56. A Wurno aka yi masa makwanci, ƙanensa Abubakar Atiku ya gaje shi.

Abin da Ya Rage Gare Mu

Wajibi ne mu faɗi gaskiya: maganin Bello na zamaninsa ne. A lokacin duniya ba ta san ƙwayoyin cuta ba, kuma filasko ba ya maganin sanƙarau. Abin da za mu gada daga gare shi shi ne ɗabi'ar neman sani da yin tanadi. Aganar da ta ɗauke ɗan 'yar'uwarsa, lamba ce ta kawar da ita. An fara babban gangamin yi wa jama'a lamba a Afirka ta Yamma a 1967, da yawa daga cikinmu tsofaffi muna ɗauke da tabonta a damtse, kuma a 1980 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa cutar ta ƙare a doron ƙasa. Haka aka yi da cutar shan inna ta asali, wadda aka tabbatar da kawar da ita daga Afirka a 2020.

Amma sauran suna nan. A 1996 sanƙarau ya kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, ya kashe fiye da 11,000. A 2017 wani nau'insa ya dawo, ya fi tsanani a Zamfara da Sakkwato da Katsina, ƙaramar hukumar Boɗinga na cikin wuraren da ya taɓa, kuma ya kashe fiye da mutum 1,100 a ƙasa baki ɗaya. A 2021 kwalara ta kashe fiye da 3,600. Lokutansu sanannu ne: sanƙarau da rani zuwa bazara, idan zafi da ƙura suka haɗu da cunkoso a ɗaki, amai da gudawa kuma da damina, idan ƙazanta ta gangara cikin rijiya.

Sabili da haka muna kira ga 'yan'uwanmu na birni, waɗanda Allah ya hore wa ilmi da abin hannu. Mu gyara rijiyoyi da burtsatse kafin ruwan farko ya sauka. Mu tabbatar akwai garin haɗa ruwan gishiri da sukari a ɗakin shan magani da kuma gidajen iyayenmu. Mu faɗa wa na gida cewa zazzaɓi mai zafi da ciwon kai da sanƙarewar wuya ba a kwana da su a ɗaki, asibiti ake nufa nan take, a kuma sanar da mai gari da jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma. Idan muka je gida da salla, mu duba katin rigakafin 'ya'yan ƙannenmu. Sannan ƙungiyarmu ta ɗauki nauyin karatun yaranmu maza da mata a fannin jinya da ungozoma da lafiyar al'umma, bisa sharaɗin su dawo su yi aiki a gida, domin abin da Bello ya nema ke nan shekara 200 da suka wuce: kowane ƙauye da mai maganinsa.

Allah ya jiƙan Shehu da Malam Abdullahi da Muhammadu Bello da sauran magabatanmu, ya kare Lambara da kewayenta daga annoba da yunwa, ya ba mu ikon yin tanadi tun da sauran lokaci. Amin.