Caroline Spurgeon (1869–1942): Mai Bin Sawun Jigo ta Hanyar Ƙidayar Kalmomi

Gabatarwa

Ɗalibin adabi kan tarar da wata matsala: ta yaya zai tabbatar da jigon wasa ko waƙa ba tare da dogaro da zato ba? Caroline Spurgeon tana cikin manazartan farko da suka amsa wannan tambaya da hujjar ƙidaya.

Haihuwarta da Karatunta

An haife ta a ƙasar Indiya ranar 24 ga Oktoba, 1869, lokacin da mahaifinta ke aikin soja a can. Ta yi karatu a Ingila da Jamus, sannan ta sami digirin digirgir a Jami'ar Faris a 1911, bisa nazarin da ta yi kan mawaƙi Chaucer. A 1913 aka naɗa ta farfesar adabin Ingilishi a Kwalejin Bedford ta Jami'ar Landan, a zamanin da ba a saba ganin mace a wannan matsayi ba. Ita ce kuma shugabar farko ta Ƙungiyar Mata Masu Ilimin Jami'a ta Duniya, daga 1920 zuwa 1924.

Hanyar Nazarinta

Spurgeon ta shafe shekaru tana bin wasannin Shakespeare ɗaya bayan ɗaya. Duk inda ta ci karo da kamantawa ko siffantawa, sai ta rubuta a kati, ta ware katunan gida-gida: na dabbobi, na cuta, na tufafi, na haske da sauransu. Da ta ƙidaya, sai ta ga kowane wasa mai ban tausayi yana da zayyanar da ta rinjaye shi. A Hamlet, cuta da ruɓewa ne suka mamaye, alamar ƙasar da ta lalace daga ciki. A Macbeth, tufafin da ba su dace da mai su ba ne ke yawan dawowa, domin jarumin ya ƙwaci sarautar da ba tasa ba, tamkar wanda ya yafa alkyabbar wani. A Romeo and Juliet kuwa, haske ne a tsakiyar duhu. Ta fitar da sakamakon a littafinta na 1935, Shakespeare's Imagery and What It Tells Us.

Sukar da Aka Yi Mata

Manazarta sun yaba da wannan aiki, amma sun soke ta a kan yunƙurinta na gano halayen marubucin kansa daga ƙidayar, alhali kalaman na 'yan wasa ne. Haka kuma, kalma kan rasa rabin ma'anarta idan aka raba ta da muhallinta.

Ta rasu a garin Tucson na Amurka a 1942, ranar da ta cika shekara 73.

Kammalawa

Aikin da ya ci mata shekaru, a yau kwamfuta kan taimaka a gama shi cikin ɗan lokaci. Malamin da zai koyar a Argungu ko Birnin Kebbi yana iya tara kirarin masunta ko waƙoƙin sarauta na Kabi da Gwandu, ya bibiyi kalmomi irin su ruwa, kada da giwa. Sai dai ƙidaya nuni kawai take yi. Wajibi ne ya koma ga kowane baiti ya tantance wanda ya faɗa, da dalilin faɗarsa, kafin ya yanke hukunci a kan jigo.