Murtala Muhammed: Jami'in sadarwar da bai iya jira ba

A ranar 3 ga Fabrairun 1976 aka raba Jihar Arewa maso Yamma gida biyu, aka samu Jihar Sakkwato da Jihar Neja. Daga ranar ce mutanen Boɗinga da Shagari da Lambara suka zama 'yan Jihar Sakkwato. Mutumin da ya yi wannan sanarwa, Janar Murtala Ramat Muhammed, kwana 10 kacal ya ƙara a duniya.

Yawancinmu hotonsa da ke jikin takardar Naira 20 muka sani. Abin da ba a cika tunawa ba shi ne, asalin sana'arsa a soja ita ce sadarwa, wato harkar wayoyi da na'urorin aika saƙo.

An haife shi a Kano ranar 8 ga Nuwamban 1938. Ya yi Kwalejin Barewa ta Zariya, ya shiga soja a 1958, sannan ya samu horo a makarantar hafsoshi ta Sandhurst da ke Ingila, inda ya fito a 1961. Ya ƙware a fannin sadarwa a Catterick, ya je aikin wanzar da zaman lafiya na Majalisar Ɗinkin Duniya a Kwango, daga baya ya riƙe sashen sadarwa na birget ɗin Kaduna. Kafin ƙarshen 1966 shi ne Sufeton Sadarwa na rundunar sojan Najeriya. Aiki ne na natsuwa da lissafi. Sai dai shi mutum ne mai zafin nama, wanda idan ya yanke shawara ba ya waiwaye, kuma wannan hali ya bi shi har ƙarshen rayuwarsa.

Bayan kisan Sardauna da Tafawa Ɓalewa a Janairun 1966, yana cikin jagororin juyin mulkin ramuwar gayya na watan Yuli. Da yaƙin basasa ya ɓarke a 1967, dakarun Biyafara suka mamaye Yankin Yamma ta Tsakiya, sai aka ɗora masa Runduna ta Biyu, wadda aka harhaɗa cikin gaggawa. Cikin 'yan makonni ya ƙwato birnin Benin a watan Satumba. A nan gaggawa ta yi rana.

A bakin kogin Kwara kuwa ta jawo asara. 'Yan Biyafara sun karya gadar da ta haɗa Asaba da Anacha. Hedikwata a Legas ta so ya zagaya ta Idah, inda babu abokan gaba a ɗaya gaɓar, shi kuma ya dage sai an tsallaka kai tsaye da jiragen ruwa. An gwada har sau uku, duka aka sha kashi, sojoji masu yawa suka mutu, wasu da harsashi wasu a ruwa. Daga ƙarshe ta Idah ɗin aka bi, aka kama Anacha a Maris na 1968. A ƙarshen watan ne kuma aka yi wa jerin motocin rundunar kwanton ɓauna a Abagana, aka ƙone su. Mafi muni shi ne abin da ya faru a Asaba ranar 7 ga Oktoban 1967, lokacin da sojojin rundunarsa suka harbe ɗaruruwan fararen hula maza. Masu yabonsa kan tsallake wannan babi, amma shi ne kwamandan rundunar, kuma mutanen Asaba na tunawa da ranar har yau.

Ya koma bakin aikinsa na sadarwa, kuma a 1974 Janar Yakubu Gowon ya naɗa shi Kwamishinan Sadarwa na Tarayya. A majalisar ya zauna tare da Alhaji Shehu Shagari, wanda ke riƙe da ma'aikatar kuɗi.

Juyin mulkin 29 ga Yulin 1975 ya kai shi kujerar shugaban ƙasa. Cikin kwana kusan 200 ya mayar da jihohi 12 zuwa 19, ya amince da mayar da babban birnin ƙasa Abuja, ya goyi bayan ƙungiyar MPLA a Angola duk da matsin Amurka. Ya kafa kwamitin rubuta tsarin mulki, ya sa 1979 a matsayin shekarar miƙa mulki, alƙawarin da ya kai Shagari ga rantsuwa a ranar 1 ga Oktoban shekarar. Haka kuma ya kori ma'aikatan gwamnati sama da 10,000, da yawansu ba tare da an saurari bahasinsu ba. Talakawa sun yi murna, amma a ganina tun daga lokacin ma'aikaci ya daina yarda kujerarsa za ta kai shi fansho, kuma hakan bai rage cin hanci ba.

A gida, ya auri Hafsat Ajoke, Bayarabiya ma'aikaciyar lafiyar haƙori, a 1963, lokacin da irin wannan aure bai yawaita ba. Allah Ya ba su 'ya'ya shida. Ko da ya zama shugaban ƙasa bai tare a Barikin Dodan ba, ya ci gaba da zama da iyalinsa a gidansu na Ikoyi, yana fita aiki ba jiniya, ba jerin gwanon masu gadi.

Hakan ne ya sauƙaƙa wa maharansa. Da safiyar Juma'a, 13 ga Fabrairun 1976, sojojin da ke tare da Laftanar Kanar Buka Suka Dimka suka buɗe wa baƙar Marsandinsa wuta a cikin cunkoson motoci, suka kashe shi tare da dogarinsa, Laftanar Akintunde Akinsehinwa. Yana da shekara 37. An yi jana'izarsa a Kano. Ajoke ce ta ci gaba da renon yaran, daga baya ta yi suna wajen harkar lambuna da shuke-shuke, babbar 'yarsu A'isha kuma ita ke jagorantar Gidauniyar Murtala Muhammed. Motar, da ramukan harsasai a jikinta, tana gidan tarihi na ƙasa da ke Onikan a Legas.