Ramana Maharshi: Yaron da Ya Tafi Neman Kansa

An haifi Ramana Maharshi ran 30 ga watan Disamba, 1879, a wani ƙaramin gari mai suna Tiruchuli, cikin ƙasar Tamil a kudancin Indiya. Sunan da iyayensa suka raɗa masa shi ne Venkataraman. Mahaifinsa, wanda sana'arsa tsaya wa mutane ce a kotu, ya rasu a 1892, saboda haka aka kai yaron gidan baffansa a birnin Madurai, inda ya yi karatu a makarantar mishan ta Amurkawa. Ba a san shi da ƙwazon karatu ba. Abin da aka fi tunawa da shi shi ne ƙarfin jiki da nauyin barci, har an ce abokan wasansa kan ɗauke shi yana barci, su bubbuge shi, su mai da shi shimfiɗarsa bai farka ba.

A watan Yuli na 1896, yana ɗan shekara 16, yana zaune shi kaɗai a saman benen baffansa, lafiyarsa ƙalau, sai tsoron mutuwa ya rufe shi farat ɗaya. Bai kira kowa ba. Ya miƙe a ƙasa, ya sandare kamar gawa, ya riƙe numfashi, ya shiga tambayar kansa ko mene ne ainihin abin da ke mutuwa. Ya ga cewa jiki za a ɗauka a ƙone, bisa al'adar Hindu, ya zama toka, amma sanin da ke kallon wannan al'amari duka yana nan daram, mutuwa ba ta kai gare shi. Daga ranar tsoron ya rabu da shi, sha'awar makaranta da wasa ma ta bi shi.

Abin da yaron nan ya ɗanɗana yana da suna a falsafar Hindu, watau Adbaita, ma'ana "ba biyu ba". Babban malamin da ya shimfiɗa ta shi ne Shankara, wanda ya rayu wajen ƙarni na 8, yana dogara da tsofaffin littattafan nan da ake kira Upanishad. A ganinsu hakika ɗaya ce tak, suna ce mata Barahman, kuma ainihin zatin mutum, wanda suke kira Atman, ba wani abu ne dabam da ita ba. Rarrabuwar da ido ke gani ruɗi ne da jahilci ya haifar, kamar mai tafiya da magariba ya ga igiya ya zaci maciji ne: firgitarsa ta gaske ce, macijin kuwa babu shi. Don haka tsira a wurinsu ba wani abu ne da za a je a samo ba, illa dai a kawo fitila. Wanda ya saba da littattafan Sufaye zai ji kamar ya san maganar daga batun wahadatul wujudi da ake jingina wa Ibn Arabi, kuma masana sun sha kwatanta su. Sai dai kama da wane ba wane ba ne, domin tsirar da ɗan Hindu ke nufi ita ce kuɓuta daga sake haihuwa bayan mutuwa, abin da babu shi a aƙidar Musulunci.

Abin mamaki shi ne Venkataraman bai karanta littattafan Adbaita ba a lokacin. Sai daga baya, da wani mai yi masa hidima, Palaniswami, ya riƙa aro littattafai yana kawowa, ya tarar an riga an ba abin da ya gani suna tun da daɗewa.

Ran 29 ga Agusta, 1896, ya bar 'yar takarda a gida yana roƙon kada a ɓata kuɗi wajen nemansa, ya ɗauki rufi 3 kuɗin jirgin ƙasa. Ran 1 ga Satumba ya isa Tiruvannamalai, garin da ke gindin dutsen Arunachala, wanda mabiya abin bautar nan Shiba ke tsarkakewa. Ya aske kansa, ya zubar da sauran kuɗin, ya rage daga shi sai bante. Ya yi makonni a wani ɗakin ƙarƙashin ƙasa cikin babban gidan bauta na garin, ba magana, ƙwari na cin cinyoyinsa bai sani ba, har sai da aka ɗauko shi.

Mahaifiyarsa Alagammal ta gano inda yake, ta zo a ƙarshen 1898, ta yi kwanaki tana kuka tana roƙonsa ya koma gida. Bai buɗe baki ba. Da aka matsa masa sai ya rubuta mata a takarda cewa abin da aka ƙaddara ba makawa sai ya auku, shiru ya fi. Mabiyansa na kawo wannan labari don nuna ƙarfin zuciyarsa, amma mai karatu ba zai rasa jin tausayin gwauruwar da ta koma gida hannu rabbana ba.

Daga 1899 zuwa 1916 yana zaune a kogon Virupaksha a jikin dutsen. A 1902 wani ma'aikacin gwamnati, Sivaprakasam Pillai, ya yi masa tambayoyi, shi kuwa ya ba da amsa a rubuce, su ne aka tara aka buga da sunan Nan Yar, watau "Wane ne ni?". Hanyar ba ta da tsawo. Kowane tunani, na fushi ko na kwaɗayi ko na tsoro, yana rataye ne da tunanin "ni". Maimakon mutum ya bi tunanin, sai ya juya ya nemi wanda tunanin ya zo wa, ya yi ta bin sawun wannan "ni" har tushensa. Ya kwatanta tambayar da sandan da ake tona wutar ƙona gawa da shi, wanda a ƙarshe shi ma wutar ke cinyewa. A 1907 wani masanin harshen Sanskirit, Ganapati Muni, ya laƙaba masa sunan Ramana Maharshi, watau babban mai gani.

Akwai masu ja da sanya shi cikin jerin malaman Adbaita, tun da bai yi karatu gaban wani shehi ba, bai kuma naɗa magaji ba, ga shi yana tsara wa dutsen Arunachala waƙoƙin bege kamar mai bauta da abin bautarsa biyu ne. Shi dai bai damu da wannan gardama ba. Ba ya kuma umartar baƙinsa su bar iyali ko aiki yadda shi ya yi; a ganinsa wanda ya gudu daji da "ni" ɗinsa bai bar kome a baya ba.

A 1916 Alagammal ta dawo, wannan karo don ta zauna, tana dafa wa jama'arsa abinci. Ta rasu a watan Mayu na 1922, hannunsa ɗaya a ƙirjinta, ɗaya a kanta. A ƙarshen shekarar ya sauko daga dutsen ya tare kusa da kabarinta, nan ne kuma zawiyarsa ta kafu. Yakan tashi da asuba ya taya yankan ganyen miya, ba ya kuma yarda a zuba masa abin da ba a zuba wa kowa ba. Littafin da Baturen Ingila Paul Brunton ya buga a 1934 ya sa Turawa suka yi ta zuwa, har da marubucin nan Somerset Maugham a 1938.

A ƙarshen 1948 wani ƙari ya fito masa a hannun hagu, ashe ciwon daji ne. An yi masa aiki sau huɗu, likitoci suka ba da shawarar a yanke hannun, ya ƙi. Bai kuma yarda a hana jama'a ganinsa ba har ranar ƙarshe. Ya rasu da daren 14 ga Afrilu, 1950, bayan kusan shekara 54 bai taɓa barin garin ba, aka binne shi dab da kabarin mahaifiyarsa.