NANA ASMA'U 'YAR SHEHU (1793–1864): MALAMAR DA TA KAI ILMI HAR ƘAUYE

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya nuna mana zamanin da 'ya'yanmu mata na ƙasar Gaya da Ajingi suke zama a ɗakunan karatu na jami'a, a Kano da Wudil da Dutse da Zariya da Sakkwato, suna fitowa da digiri a fannin likita da shari'a da koyarwa da noma. Abin da kakanninmu ba su gani ba, mu mun gani. Saboda haka ne muka ga ya dace a wannan fitowa mu waiwayi tarihin macen da ta riga su share wannan hanya, wato Nana Asma'u 'yar Mujaddadi Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, Allah Ya jiƙansu da rahama. Ita ba ta ga jami'a irin ta yau ba, amma ta kafa tsarin karantarwa wanda ya kai ilmi inda jami'o'inmu har yanzu suke fafutukar kai shi, wato cikin gidajen matan karkara.

Haihuwarta da Tasowarta

An haifi Nana Asma'u a Ɗagel, cikin ƙasar Gobir, a shekarar 1793 Miladiyya, daidai da 1208 bayan Hijira. Tagwaye aka haife su ita da ɗan'uwanta Hassan, amma maimakon a kira ta Husaina kamar yadda aka saba, sai Shehu ya raɗa mata sunan Asma'u 'yar Sayyidina Abubakar. Mahaifiyarta, Maimuna, ta rasu tun tana ƙarama, don haka ta tashi a hannun sauran matan Shehu, ciki har da Hauwa'u mahaifiyar Muhammadu Bello. Wannan ne tushen shaƙuwar da ta kasance tsakaninta da yayanta Bello har ƙarshen rayuwarsa.

Gidan da ta tashi a ciki gidan karatu ne, maza da mata. Shehu bai ɗauki karatun mace a matsayin alfarma ba, ya ɗauke shi wajibi. A cikin littafinsa Nurul Albab ya yi kakkausar suka ga malaman da suke karantar da almajirai safe da yamma alhali sun bar matansu da 'ya'yansu mata cikin duhun jahilci. Haka nan tun yana yawon wa'azi, wani malami mai suna Mustafa Gwani ya soke shi a kan barin mata su halarci majalisinsa, ƙaninsa Malam Abdullahi kuwa ya mayar da amsa da cewa barin mata cikin jahilci shi ne ɓarnar da ta fi girma. A irin wannan gida Asma'u ta sauke Alƙur'ani, ta karanci fiƙihu da tauhidi da hadisi da nahawu da sufanci, ta kuma naƙalci Larabci da Fulatanci da Hausa, tana kuma jin Buzanci.

Shekarun Hijira da Yaƙi

Tana da kimanin shekara 11 lokacin da al'amura suka dagule tsakanin Jama'a da Sarkin Gobir Yunfa, har Shehu ya yi hijira daga Ɗagel zuwa Gudu a watan Fabrairun 1804. Daga nan ba ta sake sanin zama wuri ɗaya ba sai bayan shekaru. Ta ga murnar nasarar Tabkin Kwatto a wannan shekara, ta kuma ga baƙin cikin Tsuntsuwa, inda aka rasa ɗimbin mahaddata Alƙur'ani. Ta bi ayari cikin yunwa da cuta da fargaba har zuwa Gwandu. A duk wannan ɗawainiya littattafan Shehu suna tare da ayarin, karatu kuma bai tsaya ba. Alƙalawa, babban birnin Gobir, ta faɗi a 1808, aka kafa Sakkwato a 1809.

Yaƙin ya bar zawarawa da marayu, da kuma dubban mata da aka kawo cikin sabuwar daula alhali ba su san komai na addini ba sai abin da suka gada na bori da camfi. Yarinyar da ta ga wannan da idonta ita ce daga baya ta ɗauki nauyin gyara shi.

Aurenta da Matsayinta

An aurar da ita ga Giɗaɗo ɗan Laima, aminin Muhammadu Bello, wanda ya zama Wazirinsa bayan rasuwar Shehu a 1817. Gidan Waziri ya kasance matattarar malamai da baƙi daga nesa. A hannun Giɗaɗo ne Baturen nan ɗan Birtaniya, Kilafaton, ya sauka lokacin da ya zo Sakkwato a 1824. Aure da haihuwa ba su raba ta da alƙalami ba. Ta haifi 'ya'ya maza, ciki har da Abdulƙadir wanda ya gaji mahaifinsa a sarautar Waziri, kuma daga zuriyarta ne aka sami Waziri Junaidu, masanin tarihin nan da ya rasu a 1997, wanda a wurinsa aka adana da yawa daga rubuce-rubucenta.

Ita da mijinta sun yi aikin tattara littattafan Shehu da adana tarihinsa. Ta yi musayar wasiƙu da baitoci da malamai, har da na ƙasar Shingiɗi, wato Muritaniya ta yau. Sarkin Musulmi Bello yana jin shawararta, waɗanda suka biyo bayansa kuma suna girmama maganarta.

Rubuce-rubucenta

Abin da ya iso gare mu na ayyukanta ya kai kimanin 60, cikin harsuna uku. Abin lura shi ne yadda take zaɓen harshe gwargwadon wanda take son ya ji. Idan da malamai take magana sai ta yi Larabci, kamar a Tanbihul Gafilina na 1820 da Tabshirul Ikhwani na 1839. Idan da dangi da mutanen gida ne sai ta yi Fulatanci. Idan kuwa talakawa take nufi, waɗanda su ne mafi yawa, sai ta yi Hausa, cikin waƙa mai sauƙin hadda, wadda mace za ta iya rerawa tana kaɗi ko tana daka.

A 1831 ta mayar da waƙar mahaifinta daga Fulatanci zuwa Hausa, ita ce Tabbat Haƙiƙa, mai gargaɗin masu mulki da talakawa a kan zalunci da cin amana. Ta tsara sunayen surorin Alƙur'ani 114 cikin gajeriyar waƙa domin mai koyo ya riƙe su. Ta yi Tawassuli ga Mata Masu Albarka, inda ta jero salihan mata tun daga iyalan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, har zuwa matan zamaninta, domin ɗalibarta ta san cewa tana da magabata. Ta yi Godaben Gaskiya, ta yi waƙar roƙon ruwa lokacin fari, ta kuma tsara tarihin hijira da jihadi cikin waƙa.

Marsiyyoyinta su ne suka fi nuna mana halinta. Ta yi wa Bello marsiyya bayan rasuwarsa a 1837, ta yi wa mijinta Giɗaɗo, amma ba ta tsaya ga manya ba. Ta yi wa maƙwabciyarta Halima, ta yi wa Zaharatu wadda take karɓar haihuwa da wankan gawa, ta yi wa Hauwa'u, ɗaya daga cikin jajinta. Abin da take yabo ga kowa, basarake ko talaka, shi ne haƙuri da kyauta da sada zumunci da amfanar jama'a. Ba ta auna mutum da dukiya ko sarauta.

'Yan Taru

Babban aikin da ya ɗaukaka sunanta shi ne tsarin 'Yan Taru, wanda ta kafa a zamanin da daula ta fara zama da gindinta. Matsalar da ta fuskanta a fili take. Matar aure a ƙauye ba za ta bar miji da 'ya'ya da gona ta tafi Sakkwato neman karatu ba, malama ɗaya kuma ba za ta iya zaga ƙauyuka duka ba. Sai ta nemi dattawan mata masu hankali da riƙon amana daga garuruwa, ta karantar da su, ta naɗa kowace ta zama jaji, wato shugabar ayari. Alamar naɗin ita ce malafa da jan rawani. Malafar nan a da Innar Gobir ce take sa ta, ita ce shugabar 'yan bori, sai Asma'u ta ɗauki alamar da mata suka riga suka sani suke kuma girmamawa, ta mayar da ita alamar ilmi.

Jaji takan taso daga garinsu da ayarin 'yan mata waɗanda ba su isa aure ba da tsofaffin da suka gama renon 'ya'ya, su yi tafiyar kwanaki a ƙasa har wurin Asma'u. Sukan zo da sadakar hatsi da zuma da man shanu da sawaye daga matan da ba su sami zuwa ba, ita kuma ta raba wa mabukata. Sukan zauna su koyi tsarki da salla da azumi, da haƙƙin aure da na maƙwabtaka, su haddace waƙoƙi, sa'an nan su koma gida su shiga ɗaki ɗaki suna koyar da matan da ke cikin kulle. Ban da karatu, 'Yan Taru sukan yi jinyar marasa lafiya, su taimaki mai naƙuda, su yi wa mata sutura, su sasanta masu husuma.

Idan muka dubi wannan tsari da idon yau, za mu ga duk abin da ake nema ga babbar makaranta yana ciki: akwai manhaja, akwai horar da malamai, akwai naɗi mai tabbatar da cancanta, akwai kuma hanyar kai karatu ga wanda ba zai iya zuwa ba. Abin da babu shi ne gini da albashi.

Rasuwarta da Abin da Ta Bari

Allah Ya yi mata rasuwa a 1864, tana da shekara 71, aka binne ta a Hubbare kusa da mahaifinta. Aikin bai mutu da ita ba. Ƙanwarta Maryam ta ci gaba da jagorancin 'Yan Taru, kuma a nan ne tarihin ya taɓo mu Kanawa, domin Maryam ɗin nan ta auri Sarkin Kano Ibrahim Dabo, wanda ya yi sarauta daga 1819 zuwa 1846, ta zauna a Gidan Rumfa tana karantar da mata kafin ta koma Sakkwato. Ashe ƙasar Kano ma ta sha daga wannan rijiya.

A zamaninmu, Jean Boyd, wata Baturiya da ta daɗe a Sakkwato, ta wallafa tarihinta a 1989, sa'an nan ita da Beverly Mack suka fitar da tarin ayyukanta a 1997. Yau ana nazarinta a jami'o'in Nijeriya da Ingila da Amurka, makarantu da ɗakunan kwanan ɗalibai mata masu yawa kuma suna ɗauke da sunanta.

Darasi Gare Mu

Jami'ar Ahmadu Bello ta buɗe a 1962, ta Bayero ta tsaya da ƙafarta a 1977, ta Wudil da ke maƙwabtaka da mu ta fara a 2001. Cikin wannan ɗan lokaci matan Arewa sun kai matuƙa. Farfesa Ruƙayyatu Ahmed Rufa'i ta fito daga Jami'ar Bayero ta riƙe Ma'aikatar Ilmi ta Tarayya daga 2010 zuwa 2013, Farfesa Fatima Batulu Mukhtar kuma ta shugabanci Jami'ar Tarayya ta Dutse daga 2016 zuwa 2021. Wannan abin alfahari ne, kuma 'ya'yanmu suna kan wannan turba.

Sai dai ma'aunin Nana Asma'u ya fi takardar shaida tsanani. A wurinta karatu bai cika ba sai ya koma inda aka fito. Mu da muke zaune a Kano da Kaduna da Abuja da Legas mun san cewa 'yar da ke gabanmu tana jami'a, amma sa'arta a Kademi ko Shagogo ko Balare ko Toranke sau da yawa tallar da ke kanta ce take raba ta da aji tun ba ta gama firamare ba. Mun san matan da suke wahala wurin haihuwa saboda rashin ma'aikaciyar lafiya mace a kusa, da iyayen da suke ƙin sakin 'ya'yansu saboda makarantar ba ta da malama. Waɗannan guraben ba baƙo ne zai cike mana su ba.

Don haka muna kira ga 'ya'yanmu mata da Allah Ya ba su ilmi mai zurfi da su ɗauki kansu a matsayin jajin wannan zamani. Wadda ta karanci likita ko unguwarzoma ta ware kwanaki a hutunta ta duba matan garinsu. Wadda ta karanci koyarwa ta leƙa makarantar da ta yaye ta. Wadda ta karanci shari'a ta fahimtar da zawarawa da marayu haƙƙinsu na gado. Mu kuma iyaye da mazaje da 'yan'uwa, kada mu manta cewa Asma'u ta sami uban da ya karantar da ita, da mijin da bai tsare mata hanya ba, da yayan da ya nemi shawararta. Kowane ɗayanmu da yake da hali ya ɗauki nauyin karatun yarinya ɗaya daga ƙauyensu, ban da 'yar cikinsa, har ta kammala.

Allah Ya jiƙan Nana Asma'u da mahaifinta da sauran magabatanmu, Ya sa Aljanna ce makomarsu. Ya albarkaci karatun 'ya'yanmu, Ya sa ya amfani ƙasar Gaya da Ajingi da al'umma baki ɗaya. Amin.